Kaset ɗin Inna Tasalla

Ranar da za a ɗauki muryar Inna Tasalla, sai da aka kore kaji daga tsakar gida, aka ɗaure maruƙa can bayan rumbu, aka ce mata su dakata da daka. Hamidu ne ya ba da wannan umarni, don a lokacin gani yake duk ƙauyensu Ba'awa da kewayenta babu wanda ya kai shi sanin kan na'ura. Shekarar 1987 ce, gwamnatin jiha ta ba shi gurbin karatun Larabci a Hartum, kuma tun da sunansa ya fito hatta takunsa ya canza. Ya je Kwanar Ɗangora ya aro rakoda wajen wani mai shago, ya sayi batir da sabon kaset, ya zo ya girke su a kan tabarma gaban kakarsa yana ta hura hanci.

Inna Tasalla ita ta haifi mahaifinsa. Fulani ne da suka daɗe da zama wuri ɗaya, ana kiwo ana noman dawa da masara, har Hausa ta fi Fulatanci yawa a bakin yaransu. Wa ɗaya tak gare ta a duniya, Mainasara, wanda ya sayar da rabonsa na shanu tun zamanin Turawa ya kama hanyar Makka a ƙasa, ya ce damina biyu zai yi ya dawo. Bai dawo ba, bai kuma aiko ba. Mahaifiyarsu ta tsufa tana kallon hanya, ta rasu da sunansa a bakinta. Inna, wadda ita kaɗai ta yi jinyarta, ta ce ba ita ba shi, kuma da gaske take, don shekara da shekaru ko sunansa ba a kamawa a gabanta.

Sai ga wani Alhaji Bature na Kiru, mai dangi a Sudan, ya dawo daga ziyara da labari. Ya ce ya ga Mainasara da idonsa a wani ƙauye kudu da Sinnar, ya tsufa tukuf, idanunsa sun tafi, yana zaune yana tufka igiya. Tsohon ya riƙe masa hannu ya ƙi saki, yana roƙon a nema masa gafarar ƙanwarsa.

"Amma ya ce kada a rubuto takarda," in ji alhajin. "Ya ce shi ba ido gare shi ba, kuma mai karanta wa makaho wasiƙa yakan ƙara mata gishiri don tausayi. Kada kuma a aiko masa da saƙon baka. In dai Tasalla ta yafe, to ya ji da muryarta."

Inna ta yi wata da watanni ba ta ce uffan ba. Sai da tafiyar Hamidu ta matso, wata safiya tana wanke ƙorai ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, a nemo mata abin nan mai haɗiye magana.

Da Hamidu ya danna jan maɓalli ya yi mata alama da hannu, sai Inna ta gyara zama, ta sunkuya kan rakodar, ta rangaɗa sallama da ƙarfin da ya sa kajin da aka kora suka watse a bayan danga.

"Inna, ba sai kin ɗaga murya ba. Ko raɗa kika yi tana jin ki."

"Rufe min baki, mijin banza. Ka san nisan Sudan kuwa?" Ta koma kan rakodar, tana kiran wan nata irin yadda Fulani suke kira. "Hamma! Hamma Mainasara! Kana ji na? Wannan da ka ji yana tsoma baki jikana ne, Hamidu. Wai shi ne mijina yanzu, ko zanen sallah bai taɓa saya min ba. In ya zo ka ja masa kunne."

A haka ta fara, mutanen gida na ta gimtse dariya. Ta gaishe shi, ta gaida iyalin da ba ta ma san ko yana da su ba. Ta lissafa masa waɗanda suka mutu, gida gida. Ta gaya masa tsamiyar bakin rafi ta faɗi, kuma jikokin farar saniyar mahaifiyarsu suna nan a garke. Daga nan muryar ta fara sauka. Ta yi shiru mai tsawo, kaset na ta juyawa, har Hamidu ya kai hannu zai kashe, mahaifinsa ya riƙe shi. Da ta sake buɗe baki Fulatanci ne ya fito, a hankali, ba irin wanda take yi wa shanu faɗa da shi ba. Makarantar kwana ta cinye rabin Fulatancin Hamidu, amma ya tsinci sunan mahaifiyarta, ya tsinci yadda ta rasu, ya kuma ji sarai inda ta ce ta yafe masa duniya da lahira. Mahaifinsa, mutumin da bai taɓa ganin hawayensa ba, ya juya fuska ga bango.

Ranar Inna ba ta ci abinci ba, wuni ta yi a kwance kamar mai zazzaɓi. Washegari ta naɗe kaset ɗin a ƙyallen atamfa, ta ɗaure da zare, ta danƙa masa a hannu ta ce amana ce.

Dama mai shagon ya gaya masa, in an gama ɗauka ya ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu na bayan kaset, don kada wata rana a yi kuskure a ɗauki wani abu a kai. Hamidu ya ce ai ya sani. Ya bar su ko Inna za ta so ƙara wani abu, ba ta ƙara ba, shi kuma hidimar tafiya ta mantar da shi.

Hartum ta shiga ran Hamidu tun makon farko. A yi masa adalci, karatu yana yi, kuma duk sanda ya buɗe akwati sai ya taɓa ƙunshin atamfar ya ce hutun farko in Allah ya yarda. Amma mutumin da bai taɓa wuce Zariya ba, ga shi yau a garin da koguna biyu suke haɗuwa. Hutun farko ya zo, ɗalibai suka ce a je Mugran a ga inda ruwan ya gamu, ɗaya fari-fari ɗaya mai duhu, suna tafiya tare kowanne ya ƙi shiga ɗan'uwansa. Aka je. Aka haye Umdurman aka sha yawo a kasuwa, aka je kallon raƙuma, aka shiga kwalekwale zuwa tsibirin Tuti aka sha shayi a inuwar lemo. Ko'ina akwai mai hoto, ko'ina kuma sai Hamidu ya tsaya, hannu ɗaya a ƙugu, da farar jallabiya da rawani irin na 'yan gari. Kafin ya farga hutu ya ƙare. Ya ce wa kansa Sinnar tafiya ce mai nisa, ba a yin ta a gaggauce, gara a bari sai an sami sarari. Da ya faɗi haka ya ɗan ji dama-dama, amma ba har can cikin ransa ba.

Da hutu na biyu ya matso sai abokansa suka aiko ya zo. Shitu ɗan Bebeji ne, Lado ɗan Tudun Wada, ajinsu ɗaya da shi a makarantar kwana, yanzu suna karatun aikin gona a Madani. Madani kuwa a kan hanyar Sinnar take. Hamidu ya ji daɗi ƙwarai, ga abokai, ga ganin gari, daga nan ya wuce ya sauke amanar Inna. Ya saka ƙunshin a jakar hannu ya hau bas.

Sun yi masa tarba ta arziki. Shitu, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya kai shi ya ga gonakin auduga na Jazira waɗanda ido ba ya kai ƙarshensu, yana ta bayani kamar gonar ubansa ce. Lado mutum ne mai sanyi, shi ya tuƙa masa tuwo da miyar kukar da ya daɗe yana tattali. Bayan azahar suna kishingiɗe a ɗaki, ciki ya cika, fanka na kaɗa iska mai zafi, hira ta gangara gida. Shitu ya kwaikwayi yadda kakarsa take ciniki a kasuwar Bebeji, aka yi dariya. Hamidu, da ba ya son a fi shi labari, ya ce ai duk kakanninsu yara ne a kan tasa, kuma yana da shaida a jaka.

"Ba saƙon mutane ba ne?" in ji Lado.

"Farkonsa kawai za ku ji. Wallahi sai cikinku ya ƙulle."

Ya kwance zaren, ya warware atamfar, ya cire kaset ɗin da ke cikin rakodar Shitu ya ajiye a taga, ya saka na Inna. Muryarta ta cika ɗakin tana tambayar ko ya san nisan Sudan. Shitu ya faɗo daga kan gado yana riƙe da ciki. Aka mayar baya aka sake ji, aka kuma, har Lado ma yana share hawayen dariya. A karo na ƙarshe babu wanda ya tashi ya tsayar, kaset ya wuce, Inna ta shiga lissafin matattu. Dariyar ta mutu da kanta.

"Kashe, Hamidu," in ji Lado a hankali. "Wannan ba namu ba ne."

Kunya ta rufe shi. Ya kashe, ya mayar da zaren kaset ɗin baya har farko. Daidai nan wasu ɗaliban Najeriya suka yi sallama sun zo gaida baƙo, ɗaki ya cika, daga nan aka fita sallar la'asar, aka zarce bakin kogi. Hamidu ya tura atamfar cikin jaka da niyyar in sun dawo ya naɗe, bai sake tunawa ba.

Washegari su ukun suka hau motar Sinnar. Shirin shi ne su kalli madatsar ruwa tare, daga nan Hamidu ya wuce ƙauyen Mainasara, su kuma su juya. Shitu ya saɓo rakodarsa a kafaɗa, yadda samarin lokacin suke yi.

Madatsar ta fi yadda aka ba su labari. Doguwar katanga ce ta dutse ta tare kogi gaba ɗaya, da layin dogo a kanta, ruwa na fitowa ta ƙofofinta da rugugin da sai mutum ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji. Suka yi hoto a sama, suka yi a ƙasa. Da suka gangara bakin ruwa sai suka ji Hausa, wata irin tsohuwar Hausa mai gauraye da Larabci. Masunta ne, iyayensu ma a can aka haife su. Wani dattijo a cikinsu yana gasa kifi ya yi musu maraba, ya tambaye su labarin Kano kamar jiya ya baro ta, alhali bai taɓa ganin ta ba. Hamidu ya tambaye shi ko ya san wani Mainasara.

"Makahon nan mai igiya? Ai wannan igiyar da na ɗaure kwalekwale da ita tasa ce. Me ya haɗa ku?"

"Jikan ƙanwarsa ne ni. Na kawo masa saƙo daga gida."

Dattijon ya ajiye sandar da yake juya wuta da ita. "Allahu akbar. Yaro, ka yi aikin lada. Bawan Allahn nan duk baƙuwar muryar da ya ji sai ya tambaya ko daga Kano take. Ga tasha can bayan masallaci, in ka hau yanzu kafin la'asar kana gabansa."

Hamidu ya miƙe, ya rataya jaka. Shitu ya riƙo gefen jallabiyarsa ya ce haba, yanzu aka ɗora kifi, kuma mota ai ba ɗaya ba ce a tasha, wanda ya yi shekara arba'in yana jira ba zai gaza awa ɗaya ba. Ƙamshin kifin kuwa ya cika wurin. Hamidu ya koma ya zauna.

Bayan kifi dattijon ya ce bari ya zaga da su a ruwa su ga madatsar daga ƙasa. Suna tsakiyar kogi Shitu ya ce wannan ba abin da za a bari ya wuce ba ne, dole a ɗauka a kai wa mutanen gida su ji. Ya danna jan maɓalli. Aka ɗauki rugugin ruwa, aka ɗauki waƙar da dattijon yake yi yana tuƙi, Shitu ya gaida duk 'yan matan Bebeji da sunansu. Amma wanda ya fi kowa daɗewa a kan rakodar Hamidu ne. Ya karɓe ta, ya kumbura murya irin ta masu karanta labarai a rediyo, ya yi wa jama'ar Ba'awa bayanin faɗin kogi da tsawon katanga, ya juya ya yi da Larabci, ya dawo Hausa ya ce duk wanda bai zo Sinnar ba bai ga duniya ba. Bai saki ba sai da kaset ya kai ƙarshe, rakodar ta kashe kanta.

Da suka sauka a gaɓa Shitu ya tsuguna yana mayar da zaren baya don su ji abin da suka ɗauka. Hamidu ya ce shi kam bari ya kama hanya. Ya sa hannu a jaka ya taɓa amanarsa, yadda ya saba, sai ya ji ƙyalle lakwas, babu komai a ciki.

"Shitu, wane kaset ne a ciki?"

"Nawa mana, wanda nake ɗaukar tarkace a kai."

"Naka yana taga. Ni na ajiye shi jiya."

Suka zauna a kan yashi suka kunna tun daga farko, suka saurara har ƙarshe, ko Allah zai sa wani ɗan guntu ya tsira. Babu. Ruwa ne, da waƙa, da muryar Hamidu yana cika baki. Suka juya ɗaya gefen, shi kuwa dama ba a taɓa ɗaukar komai a kansa ba. Duk abin da Inna ta yi shekara arba'in kafin ta iya furtawa ya shafe, kuma surutunsa ne a kai. Hamidu ya so ya ɗora wa Shitu, amma ya rasa ta inda zai kama. Shi ya kwance zaren, shi ya bar kunnuwan kaset, shi ya koma ya zauna don kifi.

"Ka je haka," in ji Lado. "Ka durƙusa ka gaya masa gaskiya. Ai kana wurin, ka ji ta da kunnenka ta yafe."

"Cewa ya yi ba ya son saƙon baka."

"To ya ji dai daga bakin jininsa. Ya fi shiru."

Hamidu ya tafi har tasha. Ya tsaya yana kallon motar tana cika, yaron mota na kiran sunan ƙauyen. Ya hango kansa a gaban makaho, tsohon ya miƙo hannu yana lalube, shi kuma yana bayanin yadda aka yi dariya a Madani, aka ci kifi a Sinnar. Sai wata dabara ta zo masa, irin wadda takan zo wa mai jin kunya: ai babban hutu na nan tafe, zai je gida ya gaya wa Inna komai, ta sake ɗauka, ya dawo da murya a hannu maimakon ya je yau hannu rabbana. Motar ta tashi yana tsaye.

Ya koma bakin ruwa ya roƙi dattijon kada ya gaya wa Mainasara ya zo. Dattijon ya dube shi tun daga rawani har takalmi.

"Ni ba zan kai masa labari ba," ya ce. "Amma in ya tambaye ni, ban iya yi wa makaho ƙarya ba."

Sauran watannin Hamidu bai more su ba. Aka shirya zuwa ganin tsofaffin gine-ginen sarakunan da ke arewa, ya ce kansa na ciwo. In ya ga makaho a bakin masallaci sai ya canza hanya. Abin da ya fi cin sa shi ne tunanin tsohon yana zaune da igiyarsa, wataƙila an riga an gaya masa jikan Tasalla ya zo har Sinnar da saƙo ya juya. Me zai ɗauka, in ba cewa ta fasa yafewa ba? Ya sayi kaset mafi kyau a kasuwar Hartum, ya sayi 'yar rakoda tasa ta kansa. Ya tsara yadda zai faɗa wa Inna, ya maimaita a ransa har ya haddace: zai same ta ita kaɗai, ya zauna a ƙasa, ya fara da cewa ya ci amana.

Da damina ya dawo. Ya sauka a Kwanar Ɗangora, ɗan acaɓa ya ɗauke shi da akwatinsa suka bi ta cikin gonaki, dawa ta kai ƙugu, ko'ina shar. Kafin ya kai ƙofar gida labari ya riga shi. Tsakar gida ta cika da dangi da maƙwabta, aka kawo fura da nono, aka yi ta sannu da zuwa. Ya fito da tsaraba, ya fito da hotuna, suka shiga zagayawa hannu hannu. Inna tana zaune a kan 'yar kujerarta, ta ƙara tsufa, ta ce wa matan gida su duba mata ko mijin nata ya yi mata kishiya a can, don ta ga ya yi ƙiba. Sai hoton madatsar ya iso hannunta. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi.

"Nan ina ne?"

"Sinnar ce, Inna."

Kowa a wurin ya san abin da ke Sinnar. Hamidu ya so ya ce sai anjima za su yi magana, amma ga mahaifinsa, ga baffanninsa, ga mutanen da yanzu suka gama cewa ya fitar da su kunya, duk sun zuba masa ido.

"Ashe ka je," in ji Inna. "Yana da rai?"

"Yana nan da ransa. Yana tufkar igiyarsa, masunta na saye."

Har nan bai yi ƙarya ba, kuma ya ji wani ɗan sauƙi na banza da hakan.

"Ya ji?"

Hamidu ya sunkuyar da kai. Shi kansa ba zai iya rantsewa ko gyaɗa shi ya yi ko nauyi ne ya kai shi ƙasa ba, amma mahaifinsa ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi, mata suka amsa, magana ta fita daga hannunsa.

"Ya gane muryata? Ai ta tsufa."

"Ya gane, Inna. Tun daga sallama."

"Me ya ce?"

"Kuka ya yi."

"Shi bai aiko da tasa ba?"

"Na... na so in ɗauka. Kukan ne ya hana shi."

Inna ta yi wata 'yar dariya, hawaye na bin kumatunta. "Haka yake. Tun muna yara haka yake, ko maraƙi aka yanka sai ya ɓuya a bayan ɗaki." Ta goge fuska da bakin zane, ta ce a jiƙa gero, gobe za ta yi sadakar gumba.

Aka kuwa yi. Yaran unguwa suka yi layi, aka aika wa liman, aka aika wa Alhaji Bature har Kiru. Duk wanda ya karɓa sai ya sa wa Hamidu albarka, shi kuma yana amsawa yana jin kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ko loma ɗaya bai iya kai wa bakinsa ba. Amma bai fid da rai ba tukuna. In dai ta yarda ta sake magana a rakoda, ko da sunan gaisuwa ce, zai lallaɓa ta ta maimaita, ya kai wa tsohon, ƙaryar jiya ta zama gaskiya, babu wanda zai sani.

Ya bari aka kwana biyu. Da hantsi, maza sun tafi gona, shanu sun fita, ya same ta ita kaɗai a inuwar rumbu tana kaɗa nono. Ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya ajiye 'yar rakodar a tsakaninsu.

"Inna, na ce ko za ki sake yi wa Hamma magana. In na koma sai in kai masa."

"Wace magana kuma?"

"Irin ta wancan karon. Ki sake faɗa masa. Tsofaffi suna son a maimaita musu, kuma kin san kaset yakan lalace, ƙasar akwai zafi."

"In ya lalace ai ya riga ya shiga kunnensa." Ta ci gaba da kaɗawa. "Kai yaro ne, ba ka san abin da na haɗiye kafin maganar nan ta fito ba. Sai da na tono uwata daga kabari na sake binne ta. Ba zan iya sau biyu ba, Hamidu, ko wuƙa aka sa min a wuya. Ba ma sai na yi ba, tunda ya ji."

"Ko 'yar kaɗan, Inna. Ko inda kika ce kin yafe."

"Ɗauke abin nan daga gabana." Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta tsayar da hannunta, ta dube shi da wani irin taushi da bai saba gani a fuskarta ba. "Ka san tun ranar da ka dawo nake barci? Da can in na kwanta sai in ce, in na mutu kafin ya ji fa, in shi ya mutu yana zaton ina riƙe da shi fa. Yanzu ko yau aka kira ni, a shirye nake. Man shanu dai zan tara maka ka kai masa, yana son sa."

Hamidu ya buɗe baki. Maganar da ya yi watanni yana haddacewa tana nan a kan harshensa, babu kowa a gidan sai su biyu, kuma ya san in bai faɗa yanzu ba, ba zai taɓa faɗa ba. Inna ta goge hannunta a zane, ta miƙo shi ta dafa kansa.

"Duk cikin jikokina kai na zaɓa, ban kuwa yi zaɓen banza ba. Yadda ka riƙe min amana, Allah ya ba ka masu riƙe taka."

Ta bar hannun a kansa tana jira, don ba a barin addu'ar tsoho babu amsa.

"Amin, Inna," in ji Hamidu.